Rinske Holwerda, Matar Da Ta Hana Mu Tafiya Hutu

Idan iska tana kaɗawa daga teku, kuma a garin nan ba ta da wani aiki sai kaɗawa, za ka hango Rinske Holwerda tun daga kan gada, ta duƙa a kan tsohon kekenta tana tuƙi kamar mai rigima da wani. Wandon ruwan samanta ya fi ta girma, kuma ba ta cire shi sai ta shigo har tsakiyar zaure, tana ɗiga a kan daɓen da aka gama gogewa, mai shara yana hararar ta. Ta zuba baƙin kofi, ta kurɓa a tsaye, sannan ta fara zagaye. Waya a hannu, ido a silin, haka take bin bene hawa-hawa tana duba 'yan fararen akwatunan nan da ke watsa intanet a ginin. Baƙo zai ɗauka inda rufi ke yoyo take nema. Da rana ta ci burodinta da cuku a gaban kwamfuta, ta karkaɗe ɓurɓushin a ƙasa, mai shara ya ƙara samun abin faɗa.

Ni ke riƙe da laburaren Cibiyar Binciken Ƙasa da Ruwa, kuma ƙofata tana kallon tata shekara ashirin da ɗoriya. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. An yi walima, an ba ta furanni, shugabanmu Tjeerd Oosterhuis ya tashi ya ce, "Rinske ta kula mana da kwamfutoci tsakani da Allah." Aka tafa. Ni kuwa maganar ba ta gamsar da ni ba, don ba ƙarya ya yi ba, amma ko kwatan gaskiyar bai faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Matasan da ke zuwa mana yanzu ba su san yadda aka sha fama ba. Jamus tana nan kusa, mai ƙarfin ƙafa zai je da keke ya dawo kafin abincin dare. Taɓon bakin tekun da masananmu ke tonawa shi ne na can ke tonawa, gishirin da ke cin gonakin dankalinmu shi ke cin nasu. Amma da, idan Bajamushe ya tsallako da kwamfutarsa, sai ya zo teburina in yago masa 'yar takarda mai kalmar sirri, wadda za ta mutu kafin yamma, in ma ta yi aikin. Namu in sun je can, a yi musu haka. Manyan farfesoshi masu furfura suna layi a gabana kamar masu jiran awo.

Rinske tana cikin waɗanda suka ɗaura cibiyarmu a haɗakar nan ta jami'o'i, wadda a yau ɗalibi zai buɗe kwamfutarsa a wata ƙasa ta shiga intanet da kanta, ko tari bai yi ba. Ta yi shekaru tana zuwa tarurrukan da ba mai son zuwa, a ɗakunan da ba taga, da mutanen da ba su iya hira ba. Ranar da aka fara gwadawa, bas ta hau ta tsallaka iyaka, ta tsaya a filin ajiye motoci na jami'ar can cikin yayyafi, ta bugo mini waya tana ihu, "Jantina, ya shiga! Ki zubar da takardun nan naki!"

Da ta dawo na ce ta yi mini bayani yadda zan gane.

Ta ce, "Baƙo ya buɗe kwamfutarsa a nan, ni ba na tambayarsa komai. Na'urata ce ke aika tambaya gidansu, kun san wannan? In jami'arsu ta ce namu ne, ƙofa ta buɗe. Kalmar sirrinsa ma ban gani, ban kuma son gani. Na yarda da maganarsu, su ma su yarda da tawa."

Na ce, "In wani ya yi ƙarya fa?"

"Ranar da aka fara ƙarya, ranar za ki koma yagar takardu."

Ba mace mai sauƙi ba ce, kada in yi mata kwalliyar da ba ta yi wa kanta ba. In ka zo mata da ƙorafi, kafin ka rufe baki ta gaya maka laifinka ne, kuma yawanci laifin naka ne. Amma ban taɓa ganin baƙo ya fita daga ɗakinta da matsalar da ya shiga da ita ba.

A wata bazara muka yi baƙuwa, masaniyar tsirrai, tana binciken dankalin da ke jure ƙasa mai gishiri. Zan kira ta Dakta Nadira. Ba zan faɗi ƙasarsu ba, don har yanzu tana da mutane a can. Jami'arsu ce ta aiko ta, kuma takardar zamanta a nan a kan wannan aiken ta rataya. Mace ce mai kunya da ladabi, kullum "Madam Holwerda" take cewa, Rinske kuwa kullum sai ta ce, "Madam Holwerda uwata ce, kuma ta rasu. Ni Rinske."

Ƙarshen Yuni ne, makon da kowa a ginin ƙafarsa ɗaya tana waje. An wanke motocin kwana, irin waɗanda ake tafiya hutu da su ana kwana a ciki, an sayi taswira, hira ba ta wuce wace hanya ce ba ta da cunkoso zuwa Faransa. Da safe Nadira ta zo teburina, ta ce wayarta da kwamfutarta duk sun ƙi shiga intanet. Tjeerd yana wucewa da kofi, ya ce mata cikin fara'a, "Kalmar sirri ce ta tsufa. Ki kira jami'arku, minti biyu ne." Ni kuwa na raka ta ƙofar da ke kallon tawa.

Rinske ta sa ta sake gwadawa, ita kuma tana kallon allonta.

Ta ce, "Tambaya ta je, amsa ta dawo. Ba shiru suka yi ba, da sai in ce na'urarsu ce ta mutu. Cewa suka yi a'a. Kin canza kalmar sirri?"

"Ban canza ba."

"Zo ki buɗe imel ɗinki na can a kwamfutata."

Ya ƙi buɗewa. Nadira ta sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi, ya sake ƙi. Rinske ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, abin da ban cika ganin ta yi wa kowa ba, ta ce, "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Nadira ta ce bara an kama wasu ɗalibansu, ita da abokan aikinta suka sa hannu a wani koke suna neman a sake su. Ta ɗauka maganar ta wuce.

Rinske ta san mai irin aikinta a waccan jami'ar, sun sha zama kusa da juna a tarurrukan nan marasa taga. Ta buga masa a gabanmu. Muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Na'ura lafiyarta ƙalau, Rinske. Umartata aka yi in rufe sunan Nadira, an kore ta daga aiki. Ki gaya mata kada ta dawo, waɗanda suka sa hannu tare da ita an fara kwashe su. Kuma don Allah kada ki sake kirana." Ya kashe. Haka Nadira ta ji labarin korarta, a ɗakin da ke warin kofi da ɗumin na'ura, daga bakin mutumin da bai ma san tana saurare ba.

Lissafin a fili yake. Jami'ar da ta aiko ta ta ce ba tata ba ce, don haka zamanta zai ƙare a watan Agusta, sai dai in wata cibiya ta ɗauke ta a matsayin tata. In ba haka ba, jirgi, kuma ta san abin da ke jiranta a ƙarshen jirgin.

Mu mutanen nan muna da kirki, amma kirkinmu yana son abin da za a gyara a gama. Da Tjeerd ya ji, ransa ya ɓaci da gaske, na gani a fuskarsa. Ya shigo ɗakin Rinske ya ce, "Wannan mugunta ce. To, abu na farko, buɗe mata suna a cikin namu, ta samu ta ci gaba da aikinta. Sauran maganar majalisar cibiya za ta duba in an dawo hutu."

Rinske ta ce, "Yaushe ke nan?"

"Na duba ajandar kowa, inda kowa ya tsara ranakunsa. Satumba ce ta farko da duk muke nan."

"Ita kuma Agusta."

"Za mu rubuta wa hukumar shige da fice, za a san yadda za a yi. Ke dai ki buɗe mata."

"Ba zan buɗe ba."

"Rinske, aikin minti nawa ne a wurinki?"

"Ko minti ba zai kai ba. In na buɗe, na'urata za ta riƙa gaya wa duk jami'o'in duniya cewa matar nan tamu ce. Tamu ce, Tjeerd? Kun ɗauke ta? Ku ɗauke ta yau, in buɗe yau."

"To ba ta kalmar sirrin baƙi mana, wannan ai ba ƙarya a ciki."

"In na ba ta, wayarta za ta yi aiki, kai kuma ka ji ka yi wani abu, ka ja motarka ka tafi cin cuku a Faransa. Na san ka. Na san mu duka."

Ya fita fuskarsa ja. Kafin azahar labari ya zaga ginin cewa Rinske ta hana 'yar gudun hijira intanet saboda bin doka. An yi ta da ita a kicin, wasu har suka daina amsa gaisuwarta. Abin da ba su gani ba, ni na gani ta ƙofata. Ta kwashe tarkacen da ke kan rabin teburinta, ta jawo kujera, ta jona wa kwamfutar Nadira wayar intanet daga bango a ƙarƙashin sunanta ita Rinske, ta ce, "Nan za ki zauna. Duk abin da kika yi a kan layin nan ni zan amsa." Duk wanda ya leƙo da ƙorafin firinta a makon nan, sai ya haɗa ido da Nadira kafin ya yi magana.

Rinske ta bi 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tausaya, kowa ya buɗe ajandarsa ya nuna mata ba fili. Ba wanda ya ƙi. A ƙasar nan ba a ƙin abu, ranar zama ake sa masa.

Amma akwai abu guda da ba ya bi ta ajanda. Mai ranar haihuwa shi ke kawo kek wurin aiki, kuma da saƙo ya fita cewa akwai kek a kicin, ko minista ne a ofishinka sai ka ce ya ɗan jira. Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutu, Rinske ta iso da faranti-faranti na kek ɗin nan mai ruwan hoda a sama, ta ɗaure su a bayan keke da igiyar roba. Ta tambayi Nadira tukuna ko ta yarda a yi maganarta a gaban jama'a. Nadira ta ce, "In za a yi, ni zan yi da bakina." Sannan saƙo ya fita.

Kicin ya cika, har waɗanda ba sa gaishe ta. Aka fara miƙa mata hannu ana barka da shekara. Ta bari sai da kowa ya ɗauki faranti ya kai cokali baki, sannan ta je ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ba ranar haihuwata ba ce. Ni 'yar Nuwamba ce, kun sha cin kek ɗina, ya kamata ku tuna. Dakta Nadira tana da magana."

Nadira ta miƙe. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Na gode da yadda kuka karɓe ni. In na koma, daga filin jirgi ba gida za a kai ni ba. Ina da 'ya a can wurin mahaifiyata, kuma in ina da wurin zama a nan, zan iya neman a kawo mini ita. In ba ni da shi, ban san shekarar da za ta sake ganina ba." Ta zauna.

Tjeerd ya ajiye cokalinsa ya ce, "Rinske, ba haka ake yi ba. Akwai tsari."

Ta ce, "Tsarin ya ce majalisa ta zauna. Na ƙirga, duk kuna nan. Ga kujeru."

Mai kula da ma'aikata, wanda jirginsa zai tashi washegari, ya dubi kek ɗin da ke hannunsa ya ce, "Wallahi an yi mana tarko." Wani ya yi dariya, wata ta share ido, sai ga shi ya jawo kujera ya zauna. Tjeerd ya bi shi. Mu da ba 'yan majalisa ba muka fita da farantanmu.

Ba a ranar aka gama ba, kada in mai da shi tatsuniya. Sai da aka nemo gurbin da za a sa ta, aka yi ta kai da kawowa da hukuma, aka cike abin da ake cikewa. Motar kwanan Tjeerd ta yi makonni a ƙofar gidansa a ɗaure, kaya a ciki, kuma a yaba masa, da ya sa hannu a aikin bai sake waiwayar ta ba. Matarsa dai har yau in ta haɗu da Rinske a kasuwa, kai kawai take ɗaga mata. Mai kula da ma'aikata ya bi iyalinsa daga baya. Rinske ba ta je ko'ina ba a shekarar.

Ranar da aka sa hannu na ƙarshe, Tjeerd da kansa ya sauko ya tsaya a ƙofarta ya ce, "An ɗauke ta. Yanzu fa?" Rinske ta juya ta ɗan buga allonta, ta miƙa wa Nadira ta zaɓi kalmar sirrinta, ta kau da kai don kada ta gani. Sannan ta sunkuya ta zare wayar nan daga bango. Nadira ta kalli kwamfutarta, ta ga ta shiga da kanta, sai ta kifa kai a kan teburin ta yi kukan da ta riƙe tun Yuni. Rinske ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, ta ce, "To, to. Ki tashi mini daga tebur, kina da ofis yanzu." Kafin hunturu ya fita, yarinyar ta iso. Yanzu ta fi uwarta iya harshenmu, kuma tana tuƙa keke a iska ba ta ko lanƙwasa.

Ke ce, Rinske. Ke ce kika ga abin da duk muka kalla muka ce matsalar intanet ce, kika ce a'a, mutum ce gidansu ya juya mata baya. Ke ce kika yarda a kira ki marar tausayi na mako guda, don kin san taimakon da muke son yi na rabuwa da ita ne. Da kin buɗe mata sunan nan a ɓoye, ba wanda zai kama ki, har godiya za a yi miki. Kika ƙi faɗin abin da ba haka ba, kika tsaya sai da ya zama haka. Kafaffiya, mai taurin kan da ya yi rana. Na yi shekaru ina faɗa da ke a kan ɓurɓushin burodi da buga ƙofa, kuma tun Litinin nake kallon ƙofar nan taki a rufe, raina ba daɗi.

A walimar Juma'a Nadira ba ta yi jawabi ba. Ta zo da 'yarta, suka rungume Rinske, wadda ta tsaya ƙiƙam tana jira a sake ta. Sai da jama'a suka ragu, muna tattara kofuna, Nadira ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce akwai abokin aikinta da suka sa hannu a koken tare, shi ma a lokacin yana baƙunta a wata cibiya a wata ƙasar Turai. A makon da wayarta ta ƙi shiga, tasa ma ta ƙi. Ya je wurin mai kula da intanet ɗinsu, mutumin kirki, mai saurin aiki, nan take ya ba shi kalmar sirrin baƙi. Komai ya koma daidai. Ya ci gaba da bincikensa, kowa ya tafi hutu, takardarsa ta ƙare, ya hau jirgi.

Mun gode, Rinske. Na gode a madadin duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a ginin nan ta shiga bai san sunanki ba, da kuma yarinyar da ke zuwa laburarena bayan makaranta ta jira uwarta. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa iska ta riƙa turo ki daga baya.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, a nan da sauran jami'o'i, ku gyara abin da aka kawo muku, aikinku ne. Amma in baƙo ya zo ya ce gidansu ya ƙi amsa masa, ku juyo da kujera ku dube shi kafin ku miƙa masa abin da zai sallame shi. Abokin aikin Nadira, ba wanda ya tambaye shi komai. An kyautata masa cikin minti biyu, kuma har yau matarsa ce ke kai masa abinci gidan yari.